Baba Tabarau da Tagwayen Auta

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Baba Tabarau ya san ba a fitowa da wuri. Shagon kuwa bai fi ɗakin girki girma ba. Akwai teburi mai gilashi a sama, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun kafin a yaye 'yarsa ta ƙarshe, da madubi a bango, sai 'yar butar lantarki da yake dafa ruwan tausasa roba. Aikinsa gyaran tabarau ne. Ba ya gwada ido, wannan na likita ne, kuma in kana so ka ɓata masa rai ka kira shi likita. Shi dai a kawo masa tabarau da ya karkace, ko hannunsa ya karye, ko sabo ne fil amma yana cizon bayan kunne. Zai zaunar da kai, ya matso har ka ji numfashinsa, ya ce, "Kalli gabanka, kada ka motsa." Sai ya ɗora 'yar rularsa a kan karan hancinka, ya yi ta kallonka har ka fara tunanin ko ka yi wani laifi.

Shekara talatin da bakwai ke nan yana wannan aiki. Ya koya ne a hannun wani tsoho marar son magana, wanda a duk zamansu abu ɗaya ya koya masa da baki, sauran da ido. Ranar da aka fara ba shi gyara, ya zage ya daidaita tabarau a kan teburi, hannu biyu suka zauna daram, ko takarda ba ta shiga ƙarƙashi. Ya saka wa mai shi yana jiran yabo, sai ga tabarau ya karkace a fuskar mutum. Tsohon ya dube shi ya ce, "Teburin ne zai saka?" Daga ranar ya gane babu mutumin da kunnuwansa biyu suke a layi ɗaya. Kowa da nasa karkacen, kuma aikin mai gyara shi ne ya bi karkacen, ba ya yi faɗa da shi ba.

Ta nan ma ya sami mata. Wata malamar makaranta ta kawo tabarau da ta zauna a kai, ya auna ta, ya ce mata girarta ta hagu ta fi ta dama tsawo da milimita biyu, kuma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ta ce tunda take ba a taɓa yi mata zance mai rashin daɗi haka ba. Duk da haka sau uku ta dawo a kan sukuru ɗaya, wanda har yau kowannensu yake cewa ɗayan ne ya sassauta shi da gangan. Sun haifi 'ya'ya huɗu, ta yi ritaya, amma har yanzu Malama yake kiranta, ita kuma in ya ishe ta sai ta ce masa Mai Rula.

Abin da ya sa ya yi suna a majami'arsu kuwa ba gyara ba ne. Wata rana da hantsi, yana saurayin magidanci, aka kawo masa kwalin sababbin tabarau daga kamfani. Ya zazzage su a teburi, guda ɗari, kowanne kamar ɗan'uwansa, in ka rufe ido ka ɗauki ɗaya ka ɗauki duka. Sai ya ɗaga kai ya dubi titi, mutane na ta wucewa. Ido biyu, hanci ɗaya, baki ɗaya, a fili da bai fi tafin hannu ba, amma ba wanda ya zo da fuskar wani. Da ya koma gida ya buɗe farkon Nassi, wurin da aka ce Allah ya yi mutum cikin kamanninsa. Ya karanta sau uku, ya rufe, ya zuba wa Malama ido har ta tambaye shi ko wani abu ne ya maƙale mata a haƙori.

Tun daga nan ya sami abin faɗa, kuma bai ƙara sakinsa ba. Kowace Laraba da yamma akwai binciken Nassi, ana zama a bencunan gaba. Ko kan me ake magana, jirgi ne, hamada ce, kifi ne, kafin a tashi sai Baba Tabarau ya ɗaga hannu, jama'a su yi ajiyar zuciya, ya kai maganar kan fuska. In an ce a kawo shaidar cewa akwai Allah, wasu su kawo taurari, wasu su kawo ciwon da suka warke, shi sai ya ce kowa ya juya ya dubi na kusa da shi. Gaskiya ya cika maimaita kansa, kuma wani lokaci yakan cinye lokacin addu'a. Amma ba wanda ya taɓa kama shi yana kallon wani da raini, ko mai kuturta ne, ko wanda wuta ta ƙona.

Da aka kawo sabon Fasto, matashi mai karatu da yawa, ya so ya gyara masa zance cikin ladabi.

"Baba," in ji Fasto, "kamannin da ake nufi ba na hanci da kunne ba ne fa. Allah ruhu ne. Hankali ake nufi, da sanin nagarta da mugunta, da iya ƙauna."

"Ranka ya daɗe, na sani," in ji Baba. "Ban ce yana da hancin ɗora tabarau ba. Amma in aka kawo mini gyaran da wani ya yi, ina taɓawa nake sanin hannun wa ne. To ni kullum ina taɓa aikin nan, kuma na san hannun. Kamfani yana da inji, sai ya yi ta maimaitawa. Shi ba ya maimaitawa, domin ba ya gajiya, kuma kowane ɗaya yana sane da shi. Ku kawo mini fuska biyu iri ɗaya, in rufe bakina."

Fasto ya yi dariya ya ce a tashi a yi addu'a. Aka tashi.

To, sai Auta ta haihu. Ita ce 'yarsu ta ƙarshe, mijinta direban babbar mota ne, rabin wata yana kan hanya, don haka daga asibiti gidan iyayenta ta wuce. Tagwaye ta haifa, mata, Babba ta riga Ƙarama fitowa da minti goma sha ɗaya. Baba ya shiga ɗakin yana rawa, ya leƙa gado, ya dubi ta dama, ya dubi ta hagu, ya sake duban ta dama. Rawar ta tsaya. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar, bai ga wani canji ba. Auta ta ɗaura wa Ƙarama jan zare a wuyan hannu don masu zuwa barka su daina tambaya.

Labari bai kwana ba. Tela, maƙwabcin shagonsa kuma abokinsa na shekara talatin, shi ya fara zuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa da almakashi a hannu, bakinsa har kunne.

"Barka, barka! An ce kamfanin sama ma ya sayi inji."

"Kai dai ka je ka ƙarasa wandon mutane."

"Ai zuwa na yi in ga yadda ake rufe baki. Ka ce a kawo maka biyu, ga shi an kawo maka har gida, ba ka biya kuɗin mota ba."

Baba ya yi dariya tare da shi, amma dariyar iyakarta baki. Ya ce jarirai ne, a bar su su yi wata ɗaya, kamanni zai fito. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, har aka shiga na huɗu. Kullum in ya dawo cin abincin rana, sai ya jira yaran su yi barci, domin a farke ba sa tsayawa wuri ɗaya, ya lallaɓa da rularsa. Ya auna tsakanin ido da ido, ya auna faɗin goshi, da tsawon kunne, da inda kunnen ya zauna. Ya rubuta a bayan wata tsohuwar takardar likita, layi biyu, kuma layin nan biyu suka ƙi rabuwa. Har karkacen kunnen iri ɗaya ne, na dama ya ɗan fi sauka a wurin kowacce. Malama takan tsaya a ƙofa ta ce, "Mai Rula, ga amarenka biyu, ka kasa sanin wacce ce wacce. Ranar da suka yi wayo za ka sha kunya."

Wasa take yi, amma shi abin ya fara cin ransa. Ya daina ɗaga hannu ranar Laraba. Makon farko jama'a suka ji daɗi, aka tashi da wuri. Mako na uku Fasto da kansa ya tsaya yana dubansa kafin addu'a, yana jira, Baba ya sunkuyar da kai. Ba wai ya daina gaskatawa da Allah ba ne. Amma shi ba mai zurfin karatu ba ne, ta ƙofa ɗaya ya shiga, kuma shekara talatin yana kiran mutane su zo su bi ta nan. Yanzu yana tsoron ya juya ya tarar bango ne. Ga kuma abin da ya fi yi masa ciwo, wanda bai faɗa wa kowa ba: in ya ɗauki jikarsa, sai ya saci kallon wuyan hannunta kafin ya kira ta, kamar baƙon da ya zo jiya.

Wata Asabar da safe Malama ta tafi koyon waƙa na zumuntar mata. Auta ta shayar da yaran, suka yi barci a kan babban gado, ta ce za ta je kitso nan bayan layi, awa ɗaya ta dawo.

"Baba, ka iya da su?"

"Ni da na raini huɗu? Je ki abinki."

Tana fita ya zauna a bakin gado yana kallonsu, sai wata dabara ta faɗo masa. Ya ce ai zaren nan ne yake lalata masa ido. Muddin yana nan, ido zai riƙa gudu wurinsa, ba zai yi aikinsa ba. A hankali ya kwance shi ya saka a aljihun gaba, yana cewa a ransa Ƙarama ce ta wajen bango, ba abin da zai sa ya manta. Ya ɗauki ta wajen bango ya kai ta kusa da taga inda haske ya fi, ya duba, ya kwantar da ita a nan. Ya ɗauko ɗayar ya kwantar kusa da ita. Sai ya ga inuwar labule ta faɗa wa ɗaya, ya musanya su. Ya ga gara ya dube su ta sama, kai da kai, ya juya ɗaya. Ya sake juyawa. Yana cikin haka aka buga ƙofar gida. Wata maƙwabciya ce, gilashin tabaranta ya fita daga mazauninsa, ga shi tana sauri za ta gaida mara lafiya. Minti uku ya ɗauka ya mayar mata, har da yi mata bayanin cewa kuncinta na hagu ne yake tura shi in ta yi dariya.

Ya dawo ɗaki, ya tsaya. Yara biyu a tsakiyar gado, ba wadda take wajen bango, suna barcinsu cikin riguna iri ɗaya. Ya taɓa aljihu, zare na nan. Ya yi ƙoƙarin tuna musanya nawa ya yi, biyu ko uku, ya ƙirga da yatsu, kowane ƙirge ya ba shi amsa dabam. Gumi ya karyo masa har cikin kunne. Ya ga yarinya ta girma, ta yi makaranta, ta yi aure, ta tsufa da sunan 'yar'uwarta, duk saboda kakanta ya so ya ci gardama da Tela. Ya ciro rula, ya mayar, don ya san abin da za ta gaya masa. Ya durƙusa a gaban gado ya yi addu'ar da bai taɓa yin mai gajarta kamarta ba: "Ya Uba, kai ka san su. Ni ban sani ba."

Bai ji wata murya ba, sai ƙarar ƙofar waje da takun Auta. Abin da ya yi a nan ba abin yabo ba ne, kuma shi ma bai taɓa cewa abin yabo ne ba. Ya kama hannun wadda ta fi kusa da shi ya ɗaura mata zaren, ya koma kujera ya buɗe jarida a juye.

Auta ta shigo tana cewa mai kitson ba ta nan, an yi tafiyar banza. Muryarta ta tashi yaran, suka fara mutsu-mutsu. Ta ajiye jaka, ta sunkuya ta ɗauki ɗaya tana cewa, "Babba, Babbar gida, an tashi?" Sai ta tsaya, ta ɗaga ɗan hannun.

"Baba, wa ya ɗaura wa Babba zaren Ƙarama?"

Daidai nan Malama ta shigo, da littafin waƙa a hammata. Ta dubi 'yarta, ta dubi jaridar da ke juye, ta ce, "Mai Rula, me ka aikata?"

Ya faɗi komai, bai rage ba, har da addu'ar. Malama ta zauna a bakin gado ta riƙe ciki tana dariya har hawaye. Auta ta so ta yi fushi, ta buɗe baki, sai ta ga mahaifinta ya miƙe tsaye, jarida ta faɗi, idonsa a kanta kamar yau ya fara ganinta.

"Tsaya, tsaya. Kin ce wannan Babba ce?"

"Ita ce mana."

"Ba ki duba hannu ba. Zaren ma ƙarya ya gaya miki, kika ƙi yarda da shi. Kin tabbata?"

"Haba Baba, ni fa na haife su."

"To akwai bambanci ke nan! Malama, kin ji? Akwai!" Ya kama hannun matarsa yana jijjigawa. "Auta, don Allah nuna mini. Wata huɗu ina nema. A ina yake? A kunne ne? A haɓa?"

"Ni ban san wani kunne ba," in ji Auta. "Ai kai kullum sai sun yi barci kake zuwa da rularka. Mai barci me za ka gani a fuskarsa? Zo nan ka yi musu magana."

Ta kwantar da su gefe da gefe, ta jawo shi ya sunkuya. Sai ya gaishe su yadda yake gaida masu shigowa shago, ya tambaye su gida da iyali. Ta hagu ta tattara goshi, ta zuba masa ido ba ƙiftawa, tana bincikensa daga gashi har gemu. Sai da ta gama, ta yarda da shi, sannan gefen bakinta ɗaya ya ɗaga kaɗan. Ta dama kuwa ba ta jira komai ba. Tun kafin ya rufe baki fuskarta gaba ɗaya ta buɗe, ido ya shige, hanci ya tattare, dasashi a waje, ƙafafu na harbin iska.

"Ka gani?" in ji Auta. "Babba sai ta yi shawara. Ƙarama kuwa ko ɓarawo ne ya shigo dariya za ta yi masa."

Baba ya daɗe a sunkuye, ya sake gaishe su, suka sake yi masa yadda suka yi. Gilashinsa ya yi hazo, ya cire ya riƙe a hannu, bai damu da gogewa ba. Farin ciki ne ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, da 'yar kunya a ciki, don abin yana gabansa tun ranar farko.

"Malama," ya ce, "shekara talatin da bakwai ina hana fuska motsi don in auna ta. Ashe sai ta dubi wani take fitowa. Shi ya sa in Fasto zai sallame mu yake roƙon Ubangiji ya juyo mana da fuskarsa. Kallon ake roƙo."

"Ka ajiye wa'azin sai Laraba," in ji Malama, tana share ido da bakin mayafi. "Ni malama ce, ban yarda da ɗalibin da ya ce ya gane ba sai na gwada shi. Juya bayanka. Kawo rular nan tukuna."

Ya miƙa mata, ya juya ya fuskanci bango. Ya ji suna ta motsi da raɗa, Auta ta kwance zaren, ana ɗagawa ana kwantarwa, har da tafiya da dawowa don a ruɗa shi. Aka ce ya juyo. Ya sunkuya ya ce, "Sannunku da hutawa." Ya ɗan jira.

"Wannan Ƙarama ce."

Auta ta yi tafi. Aka sake, ya ci. Karo na uku Malama ta yi masa wayo, ba ta musanya su ba, ta yi ta buga ƙafa kawai a ƙasa. Ya juyo, ya gaishe su, ya nuna Babba ya ce, "Ke dai ba ki gusa ba, kuma har yanzu ba ki gama yarda da ni ba." Malama ta ce to, ya ci jarrabawa, amma rula sai Litinin za ta mayar masa.

Auta ta ɗauko jan zaren ta tsaya tana juya shi a yatsa, ta tambaya ko a mayar ko a bari. Baba ya riga ya ɗauki Ƙarama ya ɗora a kafaɗa, ya sa ɗayan hannun yana shafa kan Babba.

"Ɗaura mata," ya ce, "saboda baƙi."